Hancin da Baba Bai Shafa Ba

Wata Alhamis ce a cikin Nuwamban 2003, da la'asar sakaliya, a ɗakin cin abinci na makarantarmu da ke gabashin Greensboro. An ture tebura jikin bango, kowane ɗan aji bakwai ya kafa allonsa na kwali, kowa da birnin da ya zaɓa a duniya. Ina tsaye kusa da nawa da sabon ɗankwalin da Mama ta ɗaura mini har yana matse mini kunne, ga gadata ta kwali a gaba, ga shuɗin ƙyallen lambar farko da malama ta manna mini a kusurwa. Baba ya shigo da kayan aikinsa, ko gida bai biya ba, yana warin gam da fata. Ya tsaya gaban allon yana murmushi, ya bi gadar da kallo, ya bi hoton babbar majami'a, sai idonsa ya sauka a tsakiya, inda na manna hotonsa. Murmushin bai ɗauke nan take ba, a hankali ya tsiyaye. Ya mai da hannayensa baya ya haɗa su, daidai yadda yake tsaye a cikin hoton. Shekarata goma sha uku a lokacin. Na ɗauka kunya ce ta kama shi don ga shi a bainar jama'a, har na yi dariya. Wannan dariyar ita ce abin da na fi tsana a duk abin da na taɓa yi.

A Maraɗi aka haife ni, kuma ina goye Baba ya tafi. Na tashi ina jin "Babanki na Italiya", daga baya aka koma cewa "Babanki na Amurka", duk ɗaya ne a wurina, sunayen wurare ne da ke cinye uban mutum. Sai da na shekara goma muka same shi a Greensboro, ni da Mama, da bizar ziyara, muka zauna ba mu koma ba. Gidan da muka sauka dogon gini ne na jan bulo mai hawa biyu, kuma mutanen Nijar sun yi yawa a cikinsa har ya zama kamar gidan gandu. Mata suna shuka yakuwa da tattasai a bokitan fenti a bayan gini, ana aiken yaro da kwanon fura daga ƙofa ta uku zuwa ta tara. Aikina shi ne wanke-wanke, da sharar ɗakuna ranar Asabar, da jan kwandon wanki zuwa ɗakin injuna a ƙarshen layi. In na gama sai mu zana 'yar gala-gala da alli a filin ajiye motoci, muna tsalle muna kauce wa ɗigon baƙin mai, ko mu yi carafke da 'ya'yan itacen da kurege ke ɓoyewa, tunda duwatsun wurin ba su da daɗin kamawa. Manya su yi mana magana da Hausa, yawancinmu su amsa da Turanci, a zage mu, gobe a sake.

Baba ɗan majema ne, kakanninsa duk jima suka yi. A nan kuwa yana wani kamfanin kujeru, yana ja wa kujerun masu kuɗi fata. Duk Babbar Sallah mazan gininmu sukan tafi wata gona a Pleasant Garden su yanka raguna da awaki, kuma mai gonar rami yake tura fatun. Baba ya ga haka sau ɗaya, ya kasa barci. Shekara ta gaba sai ya kwaso su a bayan mota, ya jiƙa a tsohuwar robar wanka da toka, ya sa aka aiko masa bagaruwa daga gida. Ni ce mai riƙe masa gefen fata yana kankare gashi, ina kau da kai, yana mini dariya. Kwana huɗu aka yi matar da ke kula da ginin ta zo da hanci a toshe, ta ce maƙwabta sun kai ƙara, in bai kwashe ba za a ba mu takardar tashi. Na fassara masa. Bai yi fushi ba. Ya wanke hannunsa a bakin famfo, ya ce, "Ko a Firenze haka aka yi mana, ɗiyata. Kowa na son takalmi, ba mai son warin majema."

Ranar na fara jin sunan wannan birni na Italiya daga bakinsa. Ya zauna a matakala ya ba ni labarin wata tsohuwar gada a kan kogin Arno, wadda aka gina shaguna a kanta hagu da dama, suna rataye a kan ruwa kamar sheƙar tsuntsaye. Ya ce a da mahauta da masu fata ne a shagunan, suna zubar da ƙazantarsu a kogi. Sai mai sarautar garin, wanda ke da rufaffiyar hanyarsa ta musamman a saman shagunan don kada ya cuɗanya da talakawa, ya ce wari ya dame shi. Aka kore su duka, aka zuba maƙeran zinariya, kuma yau fiye da shekara ɗari huɗu zinariya ake sayarwa a wurin. Shi ba a cikin birnin ya zauna ba. A wani ƙaramin gari ne can ƙasan kogin, inda manyan majemu suke, shekara shida yana juya fatu. Ya ce wani lokaci akan sauke lodi ya ɗaga fata ɗaya ya gane ta jar akuyar Maraɗi ce, ya riƙe ta kamar ya ga ɗan'uwa. Ranar Lahadi sai ya yi wanka biyu, ya hau jirgin ƙasa ya shiga Firenze, ya yini yana yawo a ƙafa shi kaɗai.

Saboda haka da malamar tarihi ta ce kowa ya zaɓi birni, ban yi wani tunani ba. Wasu suka ɗauki Paris, wasu Tokyo, ni na ɗauki birnin da ya riƙe mini uba. Asabar uku ina hawa bas zuwa tashar cikin gari, in taka zuwa laburare, in ɗauko littattafan da suka fi ƙarfin hannuna. In na dawo sai in baje su a ƙasan kicin, Baba ya tsuguna yana gyara wa littafin zance. Littafi ya ce ƙubbar babbar majami'ar ta jan bulo ce, an ɗaga ta ba tare da an tokare ta da katako daga ƙasa ba, kuma matakalarta ɗari huɗu da sittin da uku. Baba ya ce shi ya hau, a ta ɗari uku ya tuba, amma da ya kai sama ya ga rufin gidaje ja wur har bakin tsaunuka, sai da ya yi tasbihi. Littafi ya ce a 1966 kogin ya yi ambaliya ya cinye gari. Baba ya ce akwai 'yan alamu a jikin bangaye da ke nuna inda ruwa ya kai, wata ya miƙa hannu bai taɓo ta ba. Ya ba ni labarin ranar Ista, yadda fararen bijimai masu ado da furanni ke jawo wani dogon amalanke zuwa ƙofar majami'a, a sako kurciyar ƙarfe a kan waya ta kunna masa wuta, ya yi ta fashewa da tartsatsi, manoma na kallo don su san ko damina za ta yi kyau. Har abincin titi ya gaya mini, tumbin saniya a cikin burodi da ɗan yaji. Mama ta ce daga bakin murhu, "Wa ya yanka saniyar?" Ya ce, "Na yi bisimilla, Hajiya, yunwa ba ta tambaya."

Tare muka gina gadar. Na yanka kwalin taliya, shi ya kawo guntayen fata daga wurin aiki, muka yi wa kowane shago rufi. Ya nuna mini yadda ake fere bakin fata ta yi siriri don ta kwanta. Ban taɓa samunsa kamar a makonnin nan ba. Kuma ku ji fa, a duk tsawon wannan lokaci, ba wanda ya ce mini kada in faɗi cewa ya zauna a can. Ba shi ba, ba Mama ba. Sun ɗauka aikin lakwal ne, na makaranta kawai, gini da shekaru da sunayen sarakuna. Sun ɗauka yaro ya san abin da ake faɗa a waje da wanda ake bari a ɗaki, alhali ba wanda ya taɓa raba mini su.

Hoton kuwa a wurin shara na same shi, cikin wata jakar fata a ƙarƙashin gado. Baba ne yana saurayi, siriri, da jaket da ta yi masa yawa, tsaye a wata kasuwar jakunkuna kusa da gunkin aladen daji na tagulla. Duk jikin gunkin ya yi duhu, hancin kaɗai ke ƙyalli kamar zinariya. A kusurwar hoton kyamara ta buga shekara da jan rubutu, 1995. Na kai masa na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce wannan shi ne mugun dawan Firenze, al'adarsu ce duk baƙon da ya zo ya shafa masa hanci, wai wanda ya shafa sai ya sake dawowa birnin, shafar ce ta goge hancin haka. Abokan aikinsa sun yi juyin duniya ya shafa, ya ƙi, shi ya sa ya ɓoye hannayensa a baya. "Ga alade, ga gunki, ga camfi," in ji shi, "uku a ɗaya. Hannun da nake alwala da shi?" Na ce shi ya sa ke nan bai koma ba. Ya ce komawa ta Allah ce, in mayar da hoton inda na ɗauko. Ban mayar ba. Na sa shi a littafin lissafi, na kai makaranta, na manna shi a tsakiyar allo, na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa wannan mahaifina ne, ya yi shekara shida yana aikin fata kusa da wannan birni. Alfahari nake yi. So nake 'yan ajinmu, masu toshe hanci in na wuce, su san ubana ya hau ƙubbar da su sai a littafi.

A ranar baje kolin nan iyaye da yawa na gininmu sun zo, don ba ni kaɗai ce 'yar Nijar a ajin ba, kuma duk sun karanta. Malama ta riƙe hannun Baba tana jijjigawa, tana cewa lallai ya zo ya yi wa aji bayani. Muka shiga mota muka tafi. Muna isa gida sai ga Alhaji Garba, mutumin da ke cika wa jama'armu takardun zama, wanda kowa ke durƙusa wa don ya iya Turancin ofis. Daga kicin na ji komai. Ashe shekarun baya, da Baba ya nemi izinin zama, Alhaji Garba ne ya rubuta masa labarinsa, ya ce kada ya kuskura ya ambaci Italiya, don in suka ji ya zauna wata ƙasa lafiya za su ce me ya kawo shi nan. Ya rubuta cewa duk shekarun nan Baba na Nijar yana ɓuya saboda siyasa. Baba ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba, kuma ranar shiga gaban alƙali saura wata biyar. Alhaji Garba ya ce abin da sauƙi, a cire hoton a ƙona, alƙali ba ya zuwa makarantar yara. Ya leƙo kicin ya dube ni ya ce, "'Yar boko, kin kusa ki gama da ubanki." Kashegari Mama ta raka ni makaranta da sassafe na ɓamɓare hoton, ya bar farin tabo a tsakiyar allon. Baba ya karɓa, amma bai ƙona ba.

Watannin nan biyar matan gini suka daina aikena. In na shiga ɗakin wanki sai zance ya mutu. Wata Anti ta ce wa Mama a gabana, "Yaran nan na nan ba su da ciki, abin da suka gani shi suke faɗa." Ni da aka haifa a Maraɗi, rana ɗaya na zama 'yar nan. Baba kuwa bai taɓa yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai dai ya daina zancen Firenze. Gadar tana kan firji tana tara ƙura, in ya zo ɗaukar ruwa ba ya ɗaga kai.

Ranar shari'ar suka tafi tun asuba, shi da Alhaji Garba da lauya, tafiya mai nisa a mota. Washegari da hantsi suka dawo, Alhaji Garba ya shigo falo ko takalmi bai cire ba. Ya ce wa Mama, "Mijinki ya yanka kansa da bakinsa. Ba wanda ya san da hoton nan, ba wanda ya tambayi Italiya. Tambaya ce ta al'ada, ka taɓa zama wata ƙasa? A'a kawai zai ce. Sai ya buɗe baki ya ce shekara shida." Mama ta zauna a ƙasa. Baba na tsaye bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya ce, a hankali, kamar mai ba da haƙuri, "Sun sa na ɗaga hannu na rantse, Alhaji. Yarinya ta rubuta gaban jama'a cewa ubanta ya zauna can. In na ce ban zauna ba, to ɗayanmu maƙaryaci ne, ni ko ita." Alhaji Garba ya ce, "To sai ka ci gaskiyar taka da miya," ya fita.

Wa ya tambaye ni? Wannan ita ce tambayar da nake kwana da ita nake tashi da ita. Wa ya ce masa ina son gaskiyata fiye da ubana? Da ya zo kicin ya tambaye ni, da na ce masa na yarda in zama maƙaryaciya a gaban makarantar duka, in tsaya a kan tebur in ce hoton na wani ne. Ina fushi da Alhaji Garba, wanda ya ƙaga ƙaryar kuma har yau yana sahun gaba a masallaci ana ba shi hanya. Ina fushi da matan da suka ɗora wa 'yar shekara goma sha uku kayan da manya suka ɗaure. Ina fushi da ƙasar da za ta zauna a kan kujerar da mutum ya ja wa fata shekara goma, sannan ta ce ba ta san da shi ba. Amma in zan faɗi abin da ke raina, fushina mafi zafi da shi ne, mutumin da ya mai da hannayensa baya a gaban gunki, ya sake mai da su baya a gaban alƙali, ya bar mu da sakamakon tsarkinsa.

Alƙali ya hana shi izinin zama. Shekara huɗu aka yi ana ɗaukaka ƙara, ana jira, ana buɗe akwatin wasiƙa da addu'a. Na gama sakandare a cikin jiran nan. A bara, wata Talata da safe, wajen ƙarfe bakwai, Baba na ɗaura takalmin aiki, aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku. Ni na buɗe. Mutum huɗu ne, jami'an shige da fice, ba su ɗaga murya ba, har suna cewa don Allah. Suka kira sunansa, ya amsa. Suka ce ya juya ya mai da hannayensa baya. Ya juya, ya mai da su, ba wanda ya taɓa shi tukuna, kamar abin da ya daɗe da iyawa. Ɗayansu ya dube ni ya dubi Mama, ya daɗe yana dubanmu, sannan ya kau da kai. Wannan kallon bai bar ni ba. Shayin Baba na kan tebur yana tururi har motarsu ta fita daga filin da muke 'yar gala-gala.

Yanzu yana Maraɗi, ya koma majemar kakanninsa. Mun bar wancan ginin. Ina kitso a shagon wata Anti, ba na zama inda bayana ke fuskantar ƙofa, kuma in mai kawo kaya ya ƙwanƙwasa da ƙarfi sai tsinken kitso ya faɗi daga hannuna. Ba na buɗe wa kowa ƙofa. Ranar Lahadi mukan kira shi, ya tambayi karatun da ban ci gaba da shi ba, ya ce in yi haƙuri, in ce to. Ban taɓa gaya masa ina fushi da shi ba, ai ba a faɗa wa uba haka, balle ta waya. Gadar kwalin ta lalace a wurin ƙaura, rufin fata ɗaya kawai na tsinta, yana cikin jakata tare da hoton, wanda na samu a aljihun rigarsa ta aiki bayan an tafi da shi. A da in na dubi hoton ina ganin birni ne, da ƙubba da kogi da fararen bijimai, da mu biyu a ƙasan kicin muna fere fata. Yanzu hannayen nan kawai nake nema, waɗanda ba sa cikin hoton. Wani lokaci in na sauka daga bas na bi ta Elm Street, nakan kama kaina ina duban kusurwoyi. Da a ce garin nan ma yana da nasa aladen tagulla, wanda in an shafa mutum ke dawowa, Allah Ya gafarta mini, da na shafa masa hanci a madadin Baba har ya lotsa. Shi ba zai taɓa ba, na sani. Ni ban kai shi tsarki ba, kuma ban tabbata ina son in kai ba.